Allon da Ya Kira Walaha

Farkon damina ne Maigida ya je Zakka ya ɗauko Inna. Mahaifiyarsa ce, kuma shi ne ɗanta na fari, don haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa, ranar da ya faranta mata kuma ya zama "mai gidan ga". Ni kuwa Amarya nake a wurinta har gobe, ko da yake babbar 'yata ta kusa kamo ni tsawo.

Ba da son ranta ta zo ba. Yanar ido ta fara rufe mata gani, kunne ya yi nauyi, ga shi a shekarun nan zaman ƙauyukanmu ya zama sai addu'a. An daɗe ana lallashi kafin ta yarda a kawo ta Batsari. Na share mata ɗakin da ke ƙuryar gida, na shimfiɗa sabuwar leda, na kwashe kayan yara daga durowa don ta samu wurin zuba nata. Da ta shigo sai ta ware buta da darduma da carbi. Sauran kayan kuwa, ƙunshi guda cikin tsohon zane, ta ajiye shi gefen filo da ƙullinsa.

"Inna, kawo in jera miki a durowa."

"Bar shi nan, Amarya. Baƙo ba ya kwance kaya."

In za ta sauya zane sai ta sassauta baki ɗaya, ta zaro, ta mayar ta ƙulle tamau. Haka ƙunshin ya zauna yana kallonmu muna kallonsa.

Da farko na zaci abincina ne bai yi mata ba, ko hayaniyar yara. Ashe ba wannan ba ne. A Zakka masallaci jikin dangarta yake, ko tari ladan ya yi tana ji. Ko da kunnen ya fara nauyi ba ta damu ba, don tsakar gidanta kaf agogo ne. In inuwar rumbu ta taɓa gindin turmi, azahar ta yi. In ta kai danga, la'asar. In shanun maƙwabtanta Fulani suka wuce ƙasa ta ɗan girgiza, kaji suka fara neman wurin hawa, sai ta jawo buta. Da idon ya dushe ma, da ƙafa take gane bakin inuwa: nan zafi, nan sanyi. A gidanmu kuwa katanga doguwa ce ta bulo, inuwar baƙuwa ce gare ta, masallacin unguwa kuma sai an sha kwana biyu kafin a kai. Ni ina jin lasifikarsa sarai daga madafa, ita ko alama.

Sai ya zama wuni take tana tambaya. "Amarya, an kira?" Ina tankaɗe, an kira? Ina wanke-wanke, an kira? Wallahi ban taɓa gajiya da amsa mata ba. Ita ce take gajiya da tambayar.

Ranar da abin ya fito fili, barka na shiga bayan layinmu, ruwa ya tsare ni. Da na dawo rana ta yi ja. Na tarar da ita zaune kan darduma da alwalarta, ba ta yi la'asar ba, tana tsoron kada ta riga lokaci. Na ce, "Inna, tun ɗazu aka kira." Ta tashi ta yi sallarta. Da ta sallame ba ta yi faɗa ba, da ma ba ta iya faɗa ba. Cewa ta yi:

"Tun ina budurwa ban taɓa tambayar mutum lokacin salla ba. Yanzu ga sallata a hannunki. In kin tahi barka, sallata ta tahi barka."

Na ce ta yafe ni.

"Mi kika yi? Ke dai ki ce wa wancan, in hanya ta yi sauƙi ya maida ni inda na san rana."

Na isar da saƙo. Maigida ya tsame hannu daga tuwo. Mu duka mun san in ta koma ita kaɗai za ta zauna a wancan gida, da wannan ido da wannan kunne.

Akwai wata kwamfutar hannu da ƙanena ya kawo mini daga Katsina da salla ƙarama, wai don in riƙa sauraren karatu, yara kuma su yi aikin makaranta. Faɗinta ya kai littafin rubutu. Ranar da Inna ta fara shafa ta, ta juya gaba ta juya baya, sai ta ce, "Wanga ai allo ne, kai kawai suka manta ba su yi masa ba." Tun daga nan sunan ya bi ta, kowa a gidan allo yake cewa. Abin da na lura shi ne, in na sa karatu a allon na ƙure sauti, Inna tana ji har ta riƙa bin ayoyin da leɓe. Ƙaramar wayata kuwa ko a kunnenta na kanga sai ta ce sauro ne.

Sai na ce a raina, to me zai hana in saita ƙararrawa a allon, in ajiye mata shi kusa da filo, ya riƙa buga mata kowane lokacin salla? Na zauna na buɗe. Na duba shafin farko, na ja na biyu, na shiga nan na fita can. Lokaci dai ga shi a rubuce a saman kusurwa, amma agogon da ake saita wa ƙararrawa babu. Na ce ko ni ce ban iya ba, na sake bi ɗaya bayan ɗaya da ɗan Turancin da na fito da shi daga sakandare. Babu. Garin nema na gano ashe kalkuleta ma babu, tocila babu, wurin sa layi ma babu. Wayar Maigida da ba ta cika tafin hannu ba duk tana da waɗannan. Da na ba Inna labari ta yi dariya har tana riƙe ciki.

"Jibgegiyar saniya kika samu, Amarya, an zo tatsa ba nono."

Washegari Maigida ya ɗauke ni a babur muka je wurin wani mai shago a bakin tasha, wanda ke cajin waya yana tura wa mutane karatu. Mutum ne mai fara'a, bakinsa ba ya hutawa. Ya karɓa ya latsa nan da can.

"Hajiya, lafiyarsa ƙalau, ba lalacewa ya yi ba. Haka wasu suke zuwa. Masu ƙera su gani suke duk mai wannan yana da waya a aljihu, to me zai yi da ƙararrawa biyu?"

Maigida ya ce, "Su sayar maka da gida ba murhu, su ce ai maƙwabcinka yana da shi."

"Yallaɓai, gidan haya ne. Ɗaki suka ba ka, tabarma kai za ka shigo da ita. Akwai wasu mutane daban da suke yin manhajojin da aka bari, sai a sauko da su a saka. Amma in don salla ce me za ku yi da ƙararrawa? Akwai wadda kiran salla take yi da kanta, da muryar ladan."

Na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Ya jona allon da datar wayarsa ya sauko da ta farko, ya danna gwaji. Murya mai daɗi ta cika shagon, har wani mai sayar da rake ya leƙo. Ana gama kiran, kafin mu shafa addu'a, sai kiɗa ya ɓarke, wata mata ta fito tana juyi tana tallar man shafawa.

"A'uzu billahi!" in ji Maigida. "Wannan zan kai wa tsohuwa?"

"Ta kyauta ce, Yallaɓai, da talla suke cin abinci. Bari mu ga wata."

Ta biyu ba talla, amma ba ta motsi sai da data, mu kuwa data tana tafiya ofis tare da Maigida kullum. Ta uku ce ta yi mana: ba ado, ba talla, ba ta neman komai. Da aka buɗe ta sai ta ce tana neman inda muke, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar allon. Mai shago ya ce irin wannan allon ba shi da abin gane wuri a cikinsa. Ya nuna mana kibiyar alƙibla ma, tana ta wulwulawa kamar kazar da aka yanka. Ya ce manhaja ba ta iya ba na'ura abin da babu a jikinta. Hadari ya haɗo, mutane sun taru suna miƙo wayoyi, sai ya danna inda aka rubuta a wuce, ya miƙo mini. Muka yi godiya muka kama hanya kafin ruwa ya sauko.

A gida na jingina allon da bango kusa da filon Inna, na ƙure sauti. Na ce mata alƙiblarsa dai ba ta aiki. Ta ce, "Bar shi da kayansa. Gabas ba ta yawo." Ba a jima ba, wajen ƙarfe biyu saura, ya ɗauki kabbara. Ina tsaye bakin ƙofa. Na ga ta ɗaga kai a hankali, kamar wadda aka kira da sunan yarinta. Ta amsa kiran tun daga farko har ƙarshe, ta shafa, ta laluba butarta ba tare da ta waiwayo ni ba. Kusan lokaci guda na jiyo masallacin unguwa ma ya ɗauka. Na koma madafa ina ta hamdala. Da yamma ya sake kira, ta yi la'asar. Gab da duhu ya kira, ta yi magariba.

Da lisha kuwa shiru. Na ce ko caji ne, na duba, da sauransa. Inna ta ce kada in damu.

"Yaron kirki ne, sai dai da wuri yake barci kamar kaza. Lisha ba ta ɓata, in na ji kun kwashe kwanuka na san ta yi."

Da safe ta ba ni labari wai cikin dare ya tashe ta, ta samu ta yi nafila son ranta kafin asuba. Asuba kuwa da ma jikinta ne ke tashinta. Sannan da hantsi, ina tsakiyar wanki, kumfa har gwiwar hannu, sai na ji kabbara daga ƙuryar gida. Na yar da zanen na ruga. Na tarar har ta ɗauki buta, fuskar nan kamar an yi mata albishir.

"Amarya, ashe har walaha yake kira! Wanga allo ya fi ladanin Zakka himma. Shi wancan ko azahar sai ya gama ba jakinsa ruwa."

Na yi dariya na koma wankina. Ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka masu manhajar ne suka ƙara da nafilfili don lada, tunda ga ta dare ga ta walaha.

Kwanakin da suka biyo baya, gidan ya sauya. "An kira?" ta ɓace, har na riƙa jin kewarta. Sai ma abin ya juya, ita ce take leƙowa ta ce, "Amarya, an kira, bar tankaɗen nan." Ta samo wankakken ɗankwali ta lulluɓe allon, ta hana a ajiye shi a ƙasa, ta ce abin da ke ambaton Allah ba a wulaƙanta shi. In na ɗauka zan kai caji gidan maƙwabta masu sola, sai ta ce, "A ba shi ya ƙoshi, amma a dawo da shi kafin azahar." Ta fara cin abinci sosai. Maganar Zakka ta kwanta, ko da yake ƙunshi yana nan da ƙullinsa.

Abu ɗaya na lura da shi: da magariba allon yana riga masallacinmu da ɗan dama. Amma kwanakin nan kullum da hadari ake yini, gari ya yi duhu tun da sauran rana. Na ce ai na'ura lissafi take bi, ladan kuwa sai ya tabbatar. Maigida a wannan lokacin yana ƙofar masallaci, bai taɓa jin kiran allon na magariba ba.

Ranar Litinin Inna ta tashi da azumi, kamar yadda ta saba tun kafin a haifi mijina. An yi ruwa da rana, da yamma gari ya washe tas. Na dama mata kunun tsamiya, na kai mata da dabino da ruwa a moɗa, na zauna bakin ƙofarta ina tsince shinkafa. Allo ya ɗauki kabbara. Ta yi bismilla ta ɗauki dabino. Ni kuma na ɗaga ido, sai ga rana jawur zaune kan kwanon gidan maƙwabta, ko niyyar faɗuwa ba ta yi ba.

Ban san lokacin da na watsar da faifan ba. Na damƙe wuyan hannunta, dabinon yana gab da leɓenta. Tunda aka kawo ni gidansu ban taɓa riƙe ta haka ba.

"Inna, tsaya! Rana ba ta faɗi ba."

"An kira, Amarya."

"Wallahi tana nan, ga ta can."

Na tashe ta, na fito da ita tsakar gida inda katanga ta yi ƙasa, na juya fuskarta yamma. Ta tsaya. Hasken ya sauka kan goshinta da kumatunta. Ba ta buƙaci ido ba, wannan ɗumin ta san shi. Ta daɗe a tsaye, sannan ta buɗe tafin hannu ta miƙo mini dabinon. Muka koma muka zauna. Da na jiyo masallaci na ce, "An kira, Inna." Kalmomin suka yi mini nauyi a baki.

Bayan na yi salla na ɗauki allon na duba da kyau, abin da ya kamata a ce an yi tun a shago. A jikin kiran da ya yi ɗazu an rubuta Isha. A can sama kuma, da ƙananan haruffa, sunan gari: Makka. Da bai gane inda yake ba, sai manhajar ta zauna a kan garin da aka yi ta da shi. Nan karatun sakandare ya dawo mini, yadda malaminmu yake juya ƙwallo a gaban tocila yana nuna mana rana tana riskar mutanen gabas kafin mu. Makka ta riga mu da wajen awa biyu. Na bi kiran ɗaya bayan ɗaya. Walahar Inna azahar ɗinsu ce. Abin da muka ɗauka azahar la'asar ɗinsu ce, ta faɗo daidai kan tamu. Magaribarsu ta zama la'asar ɗinmu. Lisharsu ce take zuwa kafin ranarmu ta faɗi. Shi ya sa ba ya kiran tamu lishar, ya riga ya gama aikinsa. Na dare kuma asubarsu ce.

Na zo zan yi mata bayani ta ɗaga hannu.

"Ba ni son zancen allo. Abu ɗaya za ki gaya mini. Magaribar kwanakin ga fa?"

Maigida ya je masallaci ya tambayi liman. Aka ce azahar da la'asar sun faɗa cikin lokacinsu, magariba ce za ta rama, kuma ba laifi a kanta tunda ba da gangan ba ne. Ta rama su duka ba ta tsallake ko ɗaya ba. Kunun ma kaɗan ta kurɓa. Da na zo kwashe kwanuka ta ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Ki ce wa wancan gobe ya nemo mai babur. Mutum ya ɓata, na'ura ta ɓata. Inuwar rumbuna ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Da safe ta yi wanka ta yafa mayafi, ta zauna bakin gado da ƙunshi a cinya. Maigida bai je ofis ba. Ya ce zai fita neman mai babur, amma ina jin takunsa a zaure, ya kai ya komo. Ni kuma na rasa abin yi, na shiga share ɗakin da na riga na share. Allon yana kan durowa inda na ajiye shi, na manta ban kashe ba. Hantsi na ɗagawa ya ɗauki kabbara.

"Kashe maƙaryacin ga," in ji Inna.

Na ɗauko shi, yatsana a kan maɓallin, amma na kasa. Na durƙusa gabanta na ɗaga murya yadda za ta ji.

"Inna, ba ƙarya yake ba. Gaskiyar wani gari yake faɗa."

"Wane gari ne ake azahar da hantsi?"

"Makka."

Ladan yana ta ja.

"Wace Makka?"

"Makka dai, Inna. Bai san inda aka kawo shi ba, sai ya riƙe lokacin can. Yanzu haka azahar ta yi musu."

"Yanzu-yanzu? Da ranar ga da ko kaji ba su gama kiwon safe ba?"

"Yanzu haka ana shirin jera sahu gaban Ka'aba."

"To rana biyu ce?"

"Ɗaya ce. Ta kansu take fara bi kafin ta iso mana."

Inna ba ta taɓa zuwa ba. Marigayi mahaifin Maigida ya yi niyyar su tafi tare, Allah bai nufa ba. Shi ya sa in baƙo ya ce mata Hajiya take cewa kada ya ɗora mata kayan da ba ta ɗauko ba. Na ga hannunta ya saki ƙullin ƙunshin. Leɓenta ya fara motsi, ta kama amsa kiran daga inda ta riske shi. Da aka gama ta ɗaga hannu ta yi addu'a mai tsawo, ni ma na ɗaga nawa. Ta shafa, ta goge ido da bakin mayafi.

"Ashe kwanakin ga tare da su nake tashi, ban sani ba."

Na ce, "Inna, ki ba ni dama in gyara shi. Zan sa masa lokacin nan."

"In kin sa na nan, na can fa?"

"Gari ɗaya yake riƙewa. Sai dai a cire."

"A'a. Baƙo daga Makka ya sauka ɗakina in kore shi? Ki nemo wani ya riƙa na gida, wannan a bar shi da aikinsa."

Na leƙa zaure na ce wa Maigida ya kawo wayarsa. Ya shigo da sauri har yana tuntuɓe da buta. Ya jona mini data, na shiga inda mai shago ya nuna mana, na yi ta dubawa har na samu wata manhajar da ba ta talla kuma ba ta cin data. Wannan karon da ta ce tana neman inda muke, na zaɓi in rubuta da hannuna. Na rubuta Batsari, babu. Na rubuta Safana, babu. Inna ta ce in gwada Zakka. Na gwada don ta ji daɗi.

"Babu, Inna. Sai Katsina."

"To duniya ta san Makka, ta san Katsina. Sa Katsinar, ai ba nisa."

Na zaɓa wa sabuwar manhajar wata murya daban, mai kauri, don kada ta haɗa su. Na can siririya ce mai ja. Na sa mata kowace ta ji har ta ce ta bambance. Maigida yana tsaye bakin ƙofa ya kasa haƙuri, ya ce da ni, "Tambaye ta, mai babur ɗin fa?" Ta ji shi sarai, don ya ɗaga murya, amma ni ta amsa wa.

"Ki ce masa ba a sallami mai babur ba. Sai na gwada sabon ladan tukuna."

Gwajin kuwa ba na wasa ba ne. Duk lokacin salla sai in tsaya tsakar gida, kunne ɗaya a masallaci ɗaya a ɗakin Inna, in gaya mata wanda ya riga. Na gano wurin da ake ƙara mintuna a manhajar, na yi ta matsawa kaɗan-kaɗan har ya zama ladanin allo yana bin bayan na unguwa, ba ya shiga gabansa, musamman da magariba. Ita kuma ta fito da nata gwajin. Da mai kaurin murya ya kira azahar sai ta fito ba takalmi, tana taka siminti a hankali har ta samu bakin inuwar katanga, nan zafi nan sanyi. Ta ce in jawo turmi in ajiye a wurin. Da la'asar ta sake fitowa, ta sa na ajiye wani dutse. Washegari kafin allo ya buɗe baki tana tsaye jikin turmi tana jira. Ya kira, inuwa tana gindinsa. Ta gyaɗa kai. Yara suka koyi kewaye turmin da dutsen, don ta ce duk wanda ya gusar mata da la'asar ita da shi.

Ban san ranar da gwajin ya ƙare ba, don ba ta sanar ba. Wata safiya dai na kai mata koko na tarar da zanen ƙunshin a shimfiɗe kan gado, kaya a baje: zannuwa, kwalbar turare, 'yar ƙwarya da ludayinta na dama fura, da faifai biyu.

"Amarya, ina durowar da kika ce? Kuma a buga mini ƙusa nan in rataye faifai."

Na ce to, na juya da sauri don kada ta ji muryata ta sauya. Har na kai ƙofa ta kira ni.

"Ki ce wa mai gidan ga, mai babur ɗin nan ya tahi Zakka ya ɗauko mini turmina. Naku gajere ne, inuwa ba ta kama shi yadda nake so."

Turmin yana tsakar gidanmu yanzu, ba a daka a cikinsa, gusar da shi kawai take yi kaɗan in rana ta sauya hanya. Allon kuma har yau ba shi da kalkuleta, ban ma sake nema ba. In baƙuwa ta zo mana da hantsi ta ji kabbara daga ƙuryar gida, sai ta zabura ta duba wayarta. Inna takan ɗaga mata hannu daga kan darduma ta ce, "Zauna, ɗiyata, ba namu ba ne. Mutanen Makka ne suka tashi. In kina da buƙata kawo a sa a cikin addu'a."